Layin Tallafi a Agege

Tun kafin assalatu na kama layi
a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma.
Ruwan daren jiya ya cika kwata,
danfo na wucewa yana fesa mana laka.
Lambata saba'in da huɗu,
an rubuta min ita a tafin hagu,
hannun da yatsu uku suka rage masa.

Mutum biyar a gabana, ga wata ƙeya da na sani.
Nomau.
Rabona da ita shekara takwas,
tun ranar da muka yi sa-in-sa kan dakon albasa
a kasuwar Mil Tuwel,
ya zaro adda daga ƙarƙashin tirela.

Kirikiri ta cinye masa kafaɗu.
Wata 'yar yarinya na riƙe da gefen rigarsa,
ta naɗe buhu fanko a hammata.

Matar da ke kan tebur ta kai tambaya ta tara:
"An taɓa ɗaure ka a kan jini?"
Da ya ce a'a, wa zai tona?
Ni kaɗai ne shaida,
ni kuwa harshena ya manne a ganda.
Ya ce, "An taɓa."
Biro ya ratsa sunansa, ƙiii,
aka ce na baya ya matso.

Sau nawa na roƙi Allah ya nuna min ranar nan?
Ga ta ta zo, lami, ba gishiri.
Alƙali takwas ya yanka masa, ya yi takwas;
wa ya ƙara sauran a bayan kotu?
Yarinyar nan tana goye
ranar da adda ta sauka.
Amma yatsuna ma ba su tsiro ba,
na duba, har yanzu uku ne.

Aka miƙo min shinkafa da garin rogo.
Na ja buhun zuwa bakin titi,
ya ƙi hawa kaina.
Yana tsaye jikin gadar jirgin ƙasa,
ya gan ni, ya ga hannun, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kai, ɗan dako. Oko-Oba za ni."
Ya saɓa. Ba wanda ya yi magana a hanya.

Ban yafe ba. Kada wani ya ce na yafe.
A ƙofar ɗakina na ce wa yarinyar ta buɗe buhunta:
mudu biyu,
ladan dako.