Waken Dona Lurdes

A Kuwimbira, daren Kirsimeti,
tsohuwar da nake haya a gidanta
ta dafa busasshen kifi da kabeji,
gishiri kamar an kwaso Balma.
Faranti guda babu mai ci.
Na maigida ne, in ji ta, ya rasu bara.

Da aka yanka gurasar sarki
haƙorina ya ci karo da wake.
Jikokinta suka kwashe da dariya:
baɗi kai za ka saya!

Baɗi ta iske ni Maraɗi,
Bagalam, kuɗin karatu sun yanke.
Inna Tsahara na tsintar wake a faifai,
ni ina juya nawa.

Wannan fa, iri ne?
A'a Inna, bashi ne.

To adana shi,
kada ƙwari su riga ka.