Ƙarfe Tara na Dare a Masaƙar Denizli

Injuna sun yi shiru a ƙasa.
Burbushin auduga na sauka kan gilashin ofis,
shayi na uku ya huce a ɗan kofinsa mai ƙugu.
Mu biyar ne, da takarda guda
mai jiran sa hannuna.

Tuncay, ƙanena, ya ce:
"Juma'a da dare a kashe tsohuwar manhaja,
Litinin kowa ya wayi gari cikin sabuwa,
sito, masaƙa, ofishin albashi, duka.
A bari ya huce shi ke kawo rabon wani."
Yana faɗa yana ƙwanƙwasa biro a tebur
kamar mai ƙirga kuɗin da ba su shigo ba.

Na ce, kwantena shida na tawul
za su bar tashar Izmir ran sha tara ga wata.
In allo ya daskare ranar Litinin,
wa zai gaya wa otal-otal na Hamburg
baƙinsu su goge jiki da haƙuri?

Nevzat akanta ya gyara tabarau:
"A tafi da su biyun, wata uku.
Abin da aka shigar can, a shigar nan."
Na tuna yatsun Sevgül,
oda ɗari biyu kafin azahar,
da bandejin da ke wuyan hannunta.
Taura biyu ba ta taunuwa,
balle a bakin da ya riga ya gaji.

Baƙon da ya sayar mana da manhajar
kowace shawara murmushi yake mata.
Shi ai ba nan zai kwana ba.

Sai Dursun mai sito, wanda ba a tambaya ba,
shekara talatin da ɗaya yana gane zare da hanci,
ya ce wa tafin hannunsa:
"Mahaifinku in zai sauya rini
tawul ɗaya yake tsomawa.
Ya shanya, ya je ya ci abinci,
ya dawo ya duba."

Na ce, to daga sitonka za a fara.

Hannunsa ya kai aljihu
inda baƙin littafinsa ke kwana.
Bakinsa ne ya ja masa, ya kuwa sani.

Sito a watan gobe. Rini bayan sanyi.
Albashi can ƙarshe, don ba a gwaji da tukunyar mutane.
Na san sannu ma tana da farashi:
wata bakwai muna tsaye kan gada,
rabin lissafi a wannan gaɓa, rabi a waccan.

Na sa hannu.
Tuncay ya ja ƙofa fiye da yadda take buƙata.

Da na sauko, tsohuwar kwamfutar Baba
tana kunne a kusurwa, an manta da ita,
ɗan koren ɗigonta yana ƙiftawa.
Na miƙa yatsa.
Na bar ta.