Uɗaridu daga Bakin Maƙera

Na dawo Maiwurno da littafi ɗaya a jakar leda,
sauran suna Khartum, in wuta ta bar su.
Kawu Jibrin bai tambaye ni komai ba.
Ya turo min zugazugi da ƙafa, ya ce, zauna ki hura.

Da magariba, kafin jan sama ya mutu bayan gonakin dawa,
na nuna masa wani ɗigo can ƙasa, dab da kan goruba.
Ya ce, Zara ce.
Na ce, Zara matar wata ce, Kawu,
wannan ko wata ɗaya ba shi da shi.
Uɗaridu ke nan, ɗan aiken rana,
ba ya nisa da ƙofar uwar ɗakinsa.

Kwana tamanin da takwas shekararsa ta cika,
amma daga hudowar rana zuwa wata hudowar
sai ya ci shekara biyu.
Kawu ya ce, to mai azumi a can ya shiga uku.

Na ce cikinsa kusan duk ƙarfe ne,
dutsen da ya rufe shi ɓawon gyaɗa ne kawai.
Nan ya ajiye guduma.
Na ce tun da aka ƙera shi yake hucewa,
yana hucewa yana tsukewa,
har fatarsa ta tattare, ta ta da gangare
mai tsawon da ya fi nan zuwa Gadarif.
Ya ce, wannan ba sai littafi ba.
Ya tsamo ruwan lauje daga wuta ya aza kan uwar maƙera,
muka zuba ido yana duhu yana ƙanƙancewa.

Da rana dalma narkewa take a can.
Da dare sanyi ya wuce abin da muke da kalmarsa,
don babu iskar da za ta riƙe ɗumi.
Duk dutsen da ya faɗo masa ya bar rami,
ba ruwan sama, ba guguwa, ba mai sharewa,
tabon shekara dubu dubbai yana nan kamar na jiya.

Amma a ƙarshen arewarsa akwai ramuka
da rana ba ta taɓa leƙa gindinsu ba.
Ƙanƙara na kwance a ciki.
Kawu ya waiwayi randar da ke lungun rumfa,
taku uku daga garwashi.
Ya ɗebo a moɗa ya miƙo min.

Ɗigon ya riga ya faɗa bayan goruba.
Na ƙirga a zuci tun ranar da motar ta sauke mu:
tamanin da takwas cif.
Shekara guda ke nan da lissafinsa,
kuma ko yini ɗaya bai cika ba.

Ya ce, wutar na mutuwa, Sakina.
Na ci gaba da hurawa.