Mai Gida Ya Dawo

Nan inda nake shimfiɗa tabarmata,
nan kakata Tasallah take wanki a da.
Agwagi na iyo, yara na kamun tarwaɗa,
kududdufi ne, duk Kurna an san gidan ruwa.

Sai tifa ta zo da bola da ɓaraguzai,
shekara uku ana ɗura masa a baki
har ya yi shiru.
Ilu dillali ya doki ƙasa da dunduniya:
"Ji tauri, Garzali! Ko bene ka ɗora ba ya motsawa."

Keken ɗinkina na sayar, da tunkiyar Lantana,
na yi ɗaki biyu da zaure,
na shafa shuɗin fenti don masu wucewa.

Ga Agusta.
Hadari ya haɗo ta gabas,
ya rine kamar zane a marinar Ƙofar Mata.
Iska ta ɗaye kwanon Sa'idu maƙwabci,
ta jefar da shi can bayan makaranta.
Kwalbati ya ƙoshi da leda, ya ƙi haɗiyewa.

Bai shigo ta ƙofa ba, balle sallama.
Ta ƙarƙashin siminti ya ɓullo,
a hankali, kamar wanda ya san ɗakin
tun kafin a sa masa ƙyaure.
Takalman yara suka bi juna zuwa zaure suna yawo, ba mai kamawa.

Ina da gawayi, ina zana bango.
Bara waccan, idon sawu.
Bara, gwiwa.
Bana layin ya kusa makunnin fitila,
Lantana ta ce in daina aunawa.

Garin tuwo da takardun yara suna kan kabad,
su kuma yaran suna Goron Dutse wurin kawunsu.
Rediyo ya ce mazauna kwari su tashi.
Na ji. Amma mai maganar bai faɗi
wa zai biya hayar tudu ba, in an yi tashuwa.

Jiya na hangi Ilu a wani kududdufin,
da igiyar awo, yana dukan ƙasa.
Na buɗe baki, tsawa ta riga ni.

Yanzu kwaɗi ke hira a zaurena.
Ina zaune kan turmi, ƙafa a naɗe,
takardar fili a leda cikin hulata.
Hatimi uku gare ta, da sa hannun shaidu,
babu ko ɗaya na ruwa.