Sa Hannu Biyu

Hoto bakwai ya turo mini ta waya,
duka daga gefen da rana ke so.
Na ce mai talla ba ya kushe hajarsa,
bari ido ya je ya gani.

Daga Duluth na tashi da asuba,
kwana uku ina cin kwalta zuwa Maine,
tirelar aro tana kuka a bayana
kamar akuyar da aka raba da garke.

Alcide Thibodeau yana jira a bakin teku,
tsoho, gwiwarsa ta daina jin magana.
Ya yaye tamfol. Ga jirgin a kan turaku,
shuɗin fentinsa ya koɗe,
filafilansa naɗe cikin buhu, suna warin gishiri.

Na bi jikinsa da 'yar guduma,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai zaɓen kankana.
A gindin jigo sai sautin ya mutu.
Katako ya sha ruwa.
Alcide ya ɗaga kai yana ƙirga tsuntsaye,
can ya ce, "Nan ne ban ɗauka a hoto ba."
Ya rage dala ɗari takwas,
ni kuma na rage fushi.

Sai takarda ta fito da nata zancen:
suna biyu ne a kanta.
Jiharmu ba ta karɓar rabin sa hannu.
"Rosaire," in ji shi, "ƙanena.
Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu."

Awa biyu na yi cikin dajin itatuwa
kafin na same shi yana faskare.
Ya karanta, ya sake karantawa,
ya goge hannu a wando.
"Har yanzu da hagu yake ɗaure igiya?"
Na ce ban lura ba.
Ya sa hannu a kan murfin motata.
"Akwai butar shayi a ciki, mai karyayyen hannu.
Ta babanmu ce. Ba ta cikin ciniki."

Da na koma, ban buɗe baki ba
na ga butar a kujerar gaba,
naɗe da jarida, an ɗaure ta da igiya,
ƙulli na hagu.
Alcide yana can yana duba tayar tirela
wadda babu abin da ya same ta.

Na biya ta dajin na ajiye saƙo.
Ban san ko waya ta yi ƙara tsakaninsu ba,
ni jirgi na je saye.

Yanzu yana kan tafkinmu, ruwan da babu gishiri.
Na canza katakon, ban canza fenti ba.
In iska ta cika filafilai
nakan shafa su da yatsa, in kai baki.
Teku bai gama fita ba tukuna.