Taɓarya Ta Uku

Shekara shida na yi ina haddace jikin mutum,
na ƙara uku ina bin gadaje da farar riga,
sai da na zauna koyon zuciya a Katsina
na gane ban taɓa sauraron kowa ba.

Malamina Dakta Barau, mutumin Ƙofar Sauri,
ba ya yabo, ba ya tsawa.
Ran farko ya zare littafin da ke hammatata,
ya miƙo mini abin sauraron ƙirji
wanda robarsa ta dafe don tsufa.
Ya ce, "Na'urar hoto wuta take jira.
Kunne ba ya jiran kowa. Je ka gado na tara."

Hansatu ce, daga Batagarawa,
ko arba'in ba ta yi ba.
Ƙafafu sun cika kamar salka,
barci sai a jingine da matashi uku,
numfashi kuwa da tsada take sayensa,
kaɗan-kaɗan, kamar mai awo ranar da ba kasuwa.

Na ɗora, na kasa kunne.
"Me ka ji?"
"Bugu biyu, ranka ya daɗe."
"Sake."
Na sake. Biyu dai.
Ya rubuta maganinta da kansa, ya wuce.
Gara mari da wannan shirun.

Kwana tara ina sakewa.
Na ji fanka, na ji takalman nas,
na ji kukan jaririnta, na ji jinin kunnena,
abin da aka aike ni ji ne kawai ban ji ba.

Daren Laraba na koma Rafin Daɗi a gajiye,
maƙwabta na dakan suna a bayan katanga.
Mata biyu, turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke.
Can sai wata yarinya ta sa tata,
ba ƙarfi, a makare,
tana faɗowa cikin ratar da manya suka bari.
Na ajiye lomar tuwo.
Ban tuna ko na rufe ƙofa ba.

Tana nan, a ƙasan nonon hagu,
taɓarya ta uku,
sallamar zuciyar da ta gaji da ɗaukar ruwa.

Da safe na faɗa masa.
Ya ce, "To." Iyakar ladan ke nan.
"Saura ka gaya wa uwarta a daina kunun kanwa."

Gwaggo Tasalla ta dube ni sama da ƙasa.
"Tara na haifa, da kanwa na tashi.
Kai nawa ka haifa?"
Turancina duk ya ƙare a nan.
Sai na cire abin daga wuyana,
na sa mata a kunne, na riƙe ɗaya bakin a ƙirjin 'yarta.
Ko ƙiftawa biyar ba ta yi ba
ta ce, "Af. Su uku ne a turmin nan.
Wa ya gayyato ta ƙarshen?"

Abin da ya ci mini kwana tara.

Ba kowa muke riƙewa ba.
Malam Ƙasimu na gado na biyu ya tafi da asuba
hannuna na kan ƙirjinsa,
na ji yadda turmi yake idan an watse.
Wannan ba ya cikin jarrabawa.

Saura mini shekara uku, da kuɗin rajista,
da dogon titin kudu, da tambayoyin manya.
Amma jiya Hansatu ta dawo da ƙafarta,
goyo a baya, silifas ya shige ta.
Na ɗora, na daɗe,
har ta ce, "Likita, lafiya?"

Na ce ƙidaya nake.
Ɗaya, biyu.
Ɗaya, biyu.
Yarinyar ta ajiye taɓarya, ta tafi gida.