Kujerar Gaba

Shekara goma sha tara ina tuƙa baƙi,
daga ƙofar otal a Yamai zuwa dajin Kure,
daga Kure zuwa Gaya, daga Gaya har bakin teku,
inda suke tuɓe riga su baje kamar kifin shanya.
Na san ramukan hanyar Doso ɗaya bayan ɗaya,
na san raƙuman dawa fiye da dangin uwata,
amma Gwamma, uwar 'ya'yana, ba ta taɓa ganin ko guda ba
sai a kalandar bangon ɗaki,
wadda ƙudaje suka ƙara wa zane.

Yanzu baƙi sun ɗauke ƙafa.
Motar tana durƙushe a ƙofar gida, a Bukoki,
kaza ta mai da ƙarƙashinta akurki.
Wata Lahadi na sayar da tayar ajiya,
na zuba mai na jika goma,
na ce, "Gwamma, ɗaura kallabi, yau ke ce baƙuwata."
Ta ce, "To, biya sai a lahira."

Ta hau kujerar gaba da kwanon dambu a cinya,
jikanmu Tanimun a baya, hanci manne da gilashi.
Ta bar ɗamarar kujera tana lilo,
wai ba ta saci kayan kowa ba.

A Kure, Hamani ɗan jagora ya haye rufin mota
yana nuna hanya da karan dawa.
Hagu. Dama. Tsaya.
Ga ta ƙarƙashin gawo,
kanta can inda tsuntsu ke ajiye ƙwai,
tana tauna ganye a natse, irin taunar goron tsofaffi.

Na saba da ƙarar na'urar hoto a wannan lokaci.
Yau shiru.
Gwamma ta sauko, ta gyara zani,
ta duba sama har kallabi ya zame.
"Wa ya zauna ya yi mata wannan lalle?"
Can ta juyo: "Ashe ita ce ta biya kuɗin lakwal ɗin yaranmu?
Ita ce kwanon rufin ɗakina?"
Na ce ita ce.
Sai ta rusuna, kamar gaban suruka,
ta ce, "Sannu da tsawo. Mun gode."
Dabbar ta kaɗa kunne, ta ci gaba da abincinta.

Mai ba zai kai mu teku ba.
Muka juyo Yamai da la'asar,
bazara ta janye gulbi, yashi ya fito tsirara.
Wani mai kwalekwale ya tsallakar da mu a dala hamsin.
Nesa, dorina ta leƙo da kunnuwa biyu,
ta yi atishawa, ta koma.

Gwamma ta tsoma ƙafa, ƙananan kifi suka taru a faso.
"Haka tekun yake?"
Na ce ya fi, sai dai gishiri ne, kuma ba shi da ƙetare.
Ta ce, "Ruwan da ba a sha, ba a hango na wancan gefe,
shi kake barina wata guda dominsa?"

Tanimun ya binne ni da yashi har wuya.
A nan na tuna:
duk zuwana teku ban taɓa kwanciya ba,
ni ne mai tsaron jakunkuna a inuwar kwakwa,
makulli a hannu, ido a agogo.
Ashe yashi yana da ɗumi haka a gadon baya.

Fitilun gada suka kama, jemagu suka keta sama.
Ta kwance bakin zani, ta danƙa mini dala ashirin:
"Na ji ana yi wa direba kyauta."

Man ya ƙare a shataletale, kafin kasuwa.
Ni da Tanimun muna turi, gumi har ƙugu,
Gwamma ta koma ɗaya kujerar, ta riƙe sitiyari,
tana danna oda ga duk wanda ta sani.